Jirgin da Ke Ƙarƙashin Wake

A tashar Dawanau, ana jiran motar Bagwai ta cika, Malam Kallamu mai sayar da wake ya kasa ɗauke ido daga kayan saurayin da ke gefensa.

"Samari, wannan tukunyar gas fa? Girki za ka yi mana a mota?"

"Iska ce a ciki, Baba. Nutso nake koyo. So nake in ga wani jirgin ruwa da ya nutse da idona, amma na rasa inda zan nufa, dam ɗin Watari ko na Tiga."

"Ikon Allah! Mutane na roƙon a fito da su daga ruwa, kai kuma har kuɗin mota kake biya ka shiga. Watari da damina ko tafin hannunka ba za ka gani a cikin ruwan ba, saboda laka."

"To, Tiga fa?"

"Ruɓaɓɓen kwalekwale za ka tarar, in ka yi sa'a. Jirgi na gaske yana Tafkin Chadi. Na mahaifina ne, mai inji. Ina ciki ranar da ya kife."

Saurayin ya zaro waya don ya rubuta. "Zurfin wurin mita nawa ne? Iskata za ta kai ni?"

Kallamu ya tuntsire da dariya, can sai dariyar ta tsaya. Ya shafa buhun da yake zaune a kai.

"Ajiye tukunyarka, ɗana, ka ari fartanya. Ruwan ya janye tun ba a haife ka ba. Ƙanena ke noma a kan jirgin. Wannan waken ma daga can ya zo."