An Yi Sanarwar Auren Matata Ina Kallo a Waya

Jama'ar Allah, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Bitrus, gadi nake yi a unguwar Bin Omran, nan Doha. Kun saba ganina a bencin baya ina noƙewa. Yau zan faɗi dalili.

Shekara tara muka zauna da Saratu a ɗaki ɗaya a Kafanchan. Kowa "matar Bitrus" yake ce mata, har Allah ya ba mu 'ya, Hannatu. Amma ban taɓa kai gaisuwa gidan iyayenta ba. Ba sadaki, ba ɗaurin aure a coci, ba takarda. Duk Kirsimeti sai ta ce, "Baban Hannatu, yaushe za ka je wurin Baba?" Ni kuwa gwanin "baɗi" ne. Da baɗin nan a bakina na hau jirgin Doha.

Wata Lahadi ina bakin aiki, na kunna sujadar cocinmu na gida a waya. Sai na ji sakatare yana karanta sanarwar aure: Saratu da wani malamin makaranta. Ya ce duk wanda ya san dalilin da zai hana, ya zo kafin mako uku.

Na zauna a ƙasa.

Na kira faston ina huci. "Yaya za ku aurar da matata, ban sake ta ba?"

Ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka ita? Abin da ba a ɗaura ba, yaya za a kwance shi?"

Mahaifinta kuma ya aiko da saƙo cewa tun da ban biya komai a kan uwar ba, Hannatu 'yar gidansa ce, sunansa za ta amsa. Nan ne zuciyata ta mutu. Na daina cin abinci, na daina addu'a. Na rubuta wata wasiƙa cike da ƙazafi a kan Saratu, ina jiran Lahadi ta uku in aika wa dattawan cocin, kowa ya rasa.

Abokin ɗakina, Malam Sani direba, Musulmi ne, shi ya ce, "Bitrus, wannan ramar ba ta aiki ba ce. Maza, tashi ka tafi cocinku."

Na zo cocin nan ranar Juma'a. Dattijo Iliya ya riƙe hannuna, ya ce mu durƙusa. Na buɗe baki in kai ƙarar Saratu wurin Allah, sai muryarta kawai nake ji: "Yaushe za ka je wurin Baba?" Na yi kuka kamar yaro. Na ce, "Ubangiji, ni ne mai laifin."

Na goge wasiƙar. Na kira mahaifinta, karo na farko a rayuwata. Na ce, "Baba, na ɗauki 'yarka ba sallama. Ka gafarta mini."

Ya ce, "Shekara tara ina jiran muryar nan. Ta zo a makare."

Na zaci zai kashe wayar. Sai ya miƙa wa Hannatu, na ji numfashinta.

"Baba, an ba mu takardar jarrabawa. Sunan wa zan rubuta?"

Daga nesa na ji tsohon ya ce, "Rubuta na ubanki."

An ɗaura auren Saratu, 'yan'uwa. Ba ta dawo ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Amma Yesu ya zare ƙiyayya daga zuciyata kafin in ɓata sunan uwar 'yata. Na gode masa!

Ku dogara gare shi. In kuma akwai ƙofar da ya kamata ku je ku yi sallama, kada ku ce baɗi. Hannatu Bitrus ta ci jarrabawarta. Yabo ya tabbata ga Ubangiji. Amin.