Tanon Yaya Habu

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, ya haƙuri da wannan fari?

Ni ne Malam Isa daga Kara-Kara, ƙarar yayana Habu na Dakusa na kawo. Da rijiyarsu ta ƙafe, ya samo tano, wato duro, wanda aka ƙarar da maganin feshin ƙwari a ciki, ya wanke shi da toka sau uku, ya mai da shi randar gida. Yanzu hannun matarsa Hadiza rawa yake yi, ko zare ba ta iya zura wa allura.

Lokotoro, wato likitan da na tambaya, ya ce gubar ba ta barin tano, jijiyoyi take ci. Ya ce ƙarfin hanta wajen kashe ta kuma gado ne kamar tsawo, shi ya sa take kayar da wani kafin wani.

Na kai wa Yaya Habu wannan bayani. Ya ce, "Kai Isa, boko ya ɓata ka. Ni ma ruwan nake sha, ka ga ina rawa? Iska ce ta taɓa ta." Abu ɗaya ya tsinta a maganar lokotoro: ashe ya gaji hanta mai kyau. Har kasuwa yake ba da labari!

Malam, na gaji. Maganar ƙane ba ta shiga kunnensa, amma duk abin da rediyo ya faɗa ya zauna. Na san yanzu haka akwatin na manne da kunnensa. Don Allah ka kira sunansa, ka ce ya fitar da tanon nan yau. In ya so, gobe ya ce dabararsa ce.

A gaida min Yaya Hadiza, Allah ya ba ta lafiya.