Kiɗan Gora a Kan Hular Kwano

Malam Ɗahiru mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa, shi ke rubuta wannan, shi kuma zai karanta muku, don muryata ba ta kaiwa ƙarshen rumfa. Ɗahiru, yadda na faɗa haka za ka sa, kada ka gyara mini baki.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Wakilin Sarki, Allah ya ƙara girma. Hakimai da bulamai, malamanmu Allah ya gafarta muku, baƙinmu na gidan rediyo da suka sha hanya daga Kaduna, iyalan mamaci, masunta da manoman fadama, da ku mata da ke can baya kuna leƙe, ina gaishe ku gaba ɗaya. Ni ce Mairam mai tuyar kifi, daga ƙauyenmu na bakin kogi a hanyar Miga. Na gode da aka ba tsohuwa fili a taron tunawa da Malam Shu'ibu Gana. An ce yaba kyauta tukwici, to ni tukwicina na kawo.

Magana ta farko, majigi. Bayan samun mulkin kai, mota ta zo mana, aka kafa farin ƙyalle, aka nuna zanen wani kwaɗo yana tafiya da ƙafa biyu, yana gardama da shamuwa. Kwaɗon nan ya buɗe baki, sai ga bakin Haɗejiya tsantsa! "Ke shamuwa, ke da sai damina ake ganinki, ke za ki gaya mini zurfin ruwa?" Mutane suka yi ta faɗuwa don dariya. Da aka zagaya bayan motar, sai ga wani siririn mutum, Malam Shu'ibu ke nan, shi ne kwaɗon, shi ne kuma shamuwar. Tun daga ranar ya zama Baban Kwaɗo, har ya koma rediyo sunan bai sake shi ba.

Magana ta biyu ita ce ta kawo ni. Lokacin yaƙin basasa, autana Inuwa ya ajiye gora da homar kamun kifi ya shiga soja. Tun ana jin labarinsa har labari ya yanke. Sai wani ya dawo ya ce ya ga inda ya faɗi. Umara, ƙanin mai gidanmu marigayi, ya same ni ya ce, "Matar yaya, haƙuri za ki yi. Ranar Juma'a a yi sadaka, matarsa Hajo ta shiga takaba, gonar shinkafarsa kuma a raba ta kafin ruwa ya zo."

Na ce, "Umara, ka ga gawa?"

Ya ce, "Gawar soja ai ba a kawo ta gida."

Na ce, "To ni ba zan daka gumbar ɗan da ban ga makararsa ba." Gari ya ɗauka wai baƙin ciki ya taɓa mini kai.

Baƙinmu na Kaduna, bari in gaya muku abin da ba ku sani ba. Idan kogi ya cika ya shafe fadama, masuncinmu kan kife bisa ƙatuwar gora ya shiga ciyawa, ba ka ganin kowa. To kowane gida yana da kiɗansa da yake bugawa a jikin gora, don 'yan'uwa su san inda yake. Uba ke koya wa ɗa, ba a aron na wani.

Rediyo kuwa ɗaya ce a ƙauyen, a ƙofar Bulama Ari, majalisar maza. Sai na kwashi kaskona na kafa a gefensu. Umara ya ce, "Matar yaya, ciniki kike ko satar ji?" Na ce, "Duka biyun. Ka saya ko ka matsa."

A lokacin Baban Kwaɗo yana bin asibitocin soja da na'urarsa yana ɗauko gaisuwa. Shi kuma ba ya yarda mutum ya faɗi suna kawai. Cewa yake, "Samari, suna kowa yana da shi. Yi abin da uwarka za ta gane ka da shi ko tana barci."

Ranar Alhamis da la'asar, gobe sadaka, sai muka ji ya ce ga wani an ɗaure masa muƙamuƙi, ba ya iya magana, kuma ba wanda ya san garinsu. Jama'a, da wani ne da ya wuce gado na gaba. Shi bai wuce ba. Ya sauya murya ya koma kwaɗo, ya ce, "Ɗan'uwa, na ga kafaɗarka ta masu iyo ce. Kai ma ɗan ruwa ne? Ya gyaɗa kai! To ga hular kwano, gaishe da mutanenka."

Sai kiɗa ya taso daga cikin akwatin nan.

Ban san lokacin da na ture faifan kifi ba. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar maza! Umara ya ce, "Kiɗa ai kiɗa ne." Tsoho Mala, wanda ya yi su tare da mai gidanmu tun suna samari, ya ɗaga sandarsa ya ce, "Rufe mana baki, Umara. Wannan na gidan yayanka ne, har da ɗan tsallen da yake yi a ƙarshe."

Ranar Juma'a na daka gumba, Ɗahiru rubuta da kyau, na daka ta da hannuna, amma ta godiya! Hajo ba ta shiga takaba ba. Gona ba a raba ta ba. Shinkafar da Umara ya ci ranar sunan ɗan Inuwa na fari, daga gonar nan ta fito, har ya nemi ƙari.

Ga Inuwa can zaune kusa da turken rumfa. Har yau maganarsa ba ta fita sosai, shi ya sa ya zo da gorarsa. Idan an gama karanta wannan, shugaban taro, a ba shi dama ya buga. Mutumin da ya ara wa kwaɗo murya, ya ara wa shamuwa murya, ya tsaya ya nemo wa marar baki tasa, ya cancanci a gaishe shi da gaisuwar 'yan ruwa.

Allah ya jiƙan Malam Shu'ibu, ya haskaka kabarinsa, ya tsaya masa kamar yadda ya tsaya wa ɗana. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba mu ruwa mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ɗahiru, ajiye alƙalami haka nan, na gaji.

Na gode.