Hannun Da Ya Saki Mama

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Istifanus, a Gidan Igwai nake zaune da mahaifiyata. Shaidata akwai kunya a cikinta, amma zan faɗa.

Tun da ɓarin jikin Mama na hagu ya shanye, ni ne ƙafafunta. Ni nake ɗaga ta daga gado zuwa kujera, ni nake sa ta a keke napep ranar Lahadi mu zo sujada. Ƙanwata tana yi mata wanka, amma ba ta iya ɗaukarta, Mama kuwa ba ta yarda wani namiji ya taɓa ta in ba ɗanta ba.

Ni kuma mutum ne mai yawan mafarki. Littattafan soyayya na tashi ina karantawa, har na ɗauka rayuwa ma haka take.

Wata rana matasan ikilisiya muka fita shan iska bakin gulbi. Wata 'yar'uwa mai suna Rifkatu ta ga masunta suna iyo, ta ce, "Kai, namijin da ya iya ruwa yana burge ni." Ba da ni take ba. Amma zuciyata ta ɗauki maganar ta rataya a wuya kamar sarƙar zinariya.

Na fara zuwa wurin ninƙaya na wani otal kullum bayan aiki. Ina cikin ruwa ina hango ta a zuciyata tana bakin gaɓa, da farin gyale, tana murmushi. Ba hutu, ba mai koya mini, dukan ruwa kawai nake yi da ƙarfi.

Sai kafaɗata ta dama ta fara tsami. Ciwon ya gangaro damtse, har sa riga ta zama aiki. Na riƙa shafa man zafi, ina haɗiyar ƙwayoyi, ina komawa ruwa. Wai a ganina wahalar so ce, kuma jarumi ba ya raki. Kaitona!

Maƙwabcinmu Malam Bello mahauci ya gan ni ina fama da ƙofar gida da hannun hagu. Ya ce, "Istifanus, mi as samu hannunka?" Na ce babu komai. Ya yi dariya ya ce, "Ni da nika saɓa cinyar bajimi kullum za ka ɓoye ma ciwon kahwaɗa? Bari ruwan ga, kai ba kihi ba ne. Tsohuwa na buƙatar hannun ga."

Ban ji ba.

Wata Lahadi da safe Mama ta sha kwalliya da zanen zumuntar mata. Na sunkuya na ɗauke ta. Ina miƙewa na ji kamar an soka mini wuƙa a kafaɗa. Hannun ya saki. Mama ta zame ta faɗi a kan siminti!

Ba ta yi kuka ba. Ɗankwalinta ya faɗi gefe, ta dube ni daga ƙasa ta ce, "Ɗana, ka ji ciwo?"

A asibiti aka ce jijiyoyin kafaɗar sun kumbura saboda na yi musu aikin da ya fi ƙarfinsu. Aka hana ni ɗaukar kaya, aka ce in riƙa ɗora ƙanƙara, aka koya mini motsa hannun a hankali. Wata biyu Mama ba ta taka ƙofar gida ba.

Cikin watannin nan aminiyarta, Mama Talatu, ta rasu. Tare suka yi shekaru suna waƙa a benci ɗaya. Ranar jana'iza Mama ta sa ƙanwata ta ɗaura mata zanen zumunta, ta zauna a bakin gado, ta rera waƙar bankwana ita kaɗai. Ina tsakar gida ina ji.

Na shiga na durƙusa, na faɗa mata komai, har maganar Rifkatu. Sai ta ce, "Ita yarinyar ta taɓa zuwa ta ga iyon naka?" Na ce ko sau ɗaya. Ta ce, "To, matso." Ta ɗora hannunta mai lafiya a kan kafaɗata mai ciwo, ta yi addu'a: "Ya Yesu, hannu ɗaya ya rage mini, ɗayan a jikin yaron nan yake. Ka maido mana da shi, ka kuma gafarta masa." Na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Daga ranar na bi umarnin likita ba gardama, Ubangiji kuwa ya taɓa ni. Ku duba, ga hannun yana tashi har sama. Halleluya!

Amma jana'izar nan ba za a sake ta ba. Wannan nauyi har yau ina jin sa, ba ƙanƙarar da take sanyaya shi.

'Yan'uwa, in jikinku ya yi magana ku saurara, ku tuna da wanda yake jingine da ku. Ku dogara ga Yesu, yana karɓar mai wauta irina. Na gode masa. Ga Mama can a benci na biyu, ni na ɗauko ta da safen nan. Ku taya ni cewa Amin.