Na je cire haƙori da yunwa

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mutumin Tawa, aiki ya jefo ni Geskeru ba iyali. Ina da ciwon sukari. Haƙori ya hana ni cin abinci, duk da haka na sha ƙwayata ta sukari na tafi gidan likita a Diffa, ban faɗa musu ciwona ba. Ana yi mini allurar kashe zafi, sai zuciyata ta rikice da bugu, na sume.

Da na farfaɗo, majo, babban ma'aikacin jinya, ya ce, "Malam, ai sukarinka ne ya faɗi, allurar ta taɓa zuciya. Wa ya rako ka, ya samo maka kunu?"

Na ce masa ba kowa.

Jama'a, ku faɗi ciwonku kafin allura. Ina gaida uwargida a Tawa. Hajara, yi haƙuri, a rediyo kika fara ji.