Tsufar da Murya

Motar haya ta ƙi cika a tasha, mai gyaran rediyo kuwa sai karkaɗa ƙafa yake, rungume da wani akwatin ƙarfe mai wayoyi. Dattijuwar da ke gefensa ta gaji da zungurin gwiwarsa.

"Bawan Allah, ka kai kayan nan but ɗin mota mana. Ko jariri ne?"

"Yi haƙuri, Mama, ba ya son jijjiga. Na teburin aikina ne. Shi ke ba rediyo wuta daidai yadda na murɗa."

"To ina za ka da shi kamar wanda aka koro?"

"Wurin mahaifina, jikin ya tsananta. Akwai kaset ɗin da mahaifiyarmu ta yi tana amarya. Tun rasuwarta da tsohon batir yake saurare, muryar na fita a hankali, da kauri. Da ƙanena ya sa sabo, sai tsoho ya ce, 'Wace yarinya ce wannan? Ku ba ni matata.'"

"Ikon Allah."

"Shi ne zan riƙa rage wutar kaɗan-kaɗan har muryar ta tsufa, ya ce ita ce." Ya leƙa ta taga. "Wai ina direban nan ya shiga?"

Dattijuwar ta jujjuya wayarta a hannu. Can ta ce, "Ta cikin waya fa? Ina da muryar ɗana yana ƙarami. So nake in ji yadda za ta zama da ya rayu."

Ƙafarsa ta daina rawa. Ya san akwatin ba zai iya ba, amma ya matso da kunne.

"Kunna mini in ji shi tukuna, Mama."