An Tuɓe wa Ɗiyata Rigar Sanyi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sunana Rabi daga Ngaski, kuma raina a ɓace yake.

Tun shigowar sanyin bana ɗiyata Hauwa'u ke fama da tari, ta warke ya dawo. Da ta ji sauƙi na saya mata rigar sanyi ta koma makaranta. Malaminsu ya sa ta tuɓe, wai rigar ba ta cikin yunifom, alhali iskar ruwan Kainji na kaɗawa tun asuba. Ta dawo tana rawar ɗari, ta ce, “Inna, ƙirjina ke ciwo.” Yanzu tana kwance asibiti, limoniya ce.

Na same shi, ya ce doka ce. Jama'a, wa zan kai wa ƙara kafin a kwantar da ɗan wani?